Wa Ya Tuna Da 'Yan Dako? Sharhi Kan Wasannin Kwaikwayo Biyu Game Da Faɗuwar Benin

GABATARWA

Akwai wani tsohon hoto da masu koyar da tarihin Nijeriya suka sani sarai. An ɗauke shi ne a 1897 cikin wani jirgin ruwa na Turawa mai suna Ivy. A zaune ga Oba Ovonramwen, Sarkin Benin, ɗaure da sarƙa, za a kai shi Kalaba inda zai ƙare rayuwarsa. Wanda ya ɗauki hoton wani mutumin Bonny ne, Jonathan Adagogo Green. Mun daɗe muna nuna wa ɗalibai hoton nan a aji, kuma kullum idanunsu kan sarkin suke sauka. Da wuya a samu wanda zai ɗaga hannu ya tambaya: shin su wane ne sojojin nan baƙaƙen fata da ke tsaye a kansa riƙe da bindigogi?

Wannan tambaya ita ce ta sa muka sake ɗauko wasu wasannin kwaikwayo biyu da aka rubuta da Ingilishi a kan faɗuwar Benin, muka karanta su tare. Na farko shi ne Ovonramwen Nogbaisi na marigayi Ola Rotimi, wanda aka fara nunawa a Ife a 1971, aka buga shi a 1974. Na biyu kuwa shi ne The Trials of Oba Ovonramwen na Ahmed Yerima, wanda aka shirya domin bikin cika shekara 100 da mamayar, a 1997. Duka biyun ayyukan ƙwararru ne, kuma ba mu zo rage musu daraja ba. Abin da muke son nunawa shi ne, duk da saɓanin da ke tsakaninsu, sun haɗu a wuri guda, wato sun mayar da tarihin ƙasa sukutum ya zama labarin mutum ɗaya. Lamarin kuma bai tsaya a kan dandamali ba, domin har yanzu ana ja-in-ja a kansa a Jihar Edo.

SHARAR FAGE

Ya kamata mu fara share wa mai karatu fage. Benin da muke magana ita ce babban birnin Jihar Edo, ba Jamhuriyar Benin maƙwabciyarmu ba, wadda ta ajiye sunan Dahomey ta ɗauki wannan a 1975. Tsohuwar daula ce da ta bunƙasa ƙwarai a ƙarni na 15, zamanin Oba Ewuare, ta kewaye kanta da ganuwa da ramuka masu zurfi, waɗanda har yau ake ganin burbushinsu kamar yadda ake ganin badalar Kano. Turawan Fotugal sun iso wajen 1485, ciniki ya ƙullu, barkono da hauren giwa da bayi suna fita, mundayen tagulla da murjani suna shigowa. Maƙeran fada, 'yan unguwar Igun, su ke narka tagullar nan su yi zubin kawunan sarakuna da alluna masu ɗauke da siffofin yaƙi da bukukuwa. Waɗannan alluna su ne kundin tarihin fadar.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 idon Ingila ya faɗa kan manja da roba na dazuzzukan Benin. A 1892 wani jami'insu, Henry Gallwey, ya samu wata yarjejeniya da Turawa suka fassara da cewa ta buɗe musu ƙofar ciniki, amma Oba ya ci gaba da rufe kasuwa duk lokacin da ya ga an tauye masa haraji. A watan Nuwamba 1896 James Phillips, muƙaddashin babban jami'in Ingila a gaɓar teku, ya rubuta wa Landan yana neman izinin tuɓe Oba, har yana cewa hauren giwar da ke fada zai biya kuɗin aikin. Bai jira amsa ba ya kama hanya da Turawa 9 har da shi, da 'yan dako sama da 200, yana cewa ziyarar zumunci ce. Oba ya aika a gaya masa ya dakata, domin lokacin tsafin Ague ne, sarki ba ya ganin baƙo. Phillips ya yi kunnen uwar shegu. Ranar 4 ga Janairu 1897 dakarun Benin ƙarƙashin Ologbosere suka yi musu kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Ugbine. Turawa 2 kacal suka tsira.

Cikin makonni kaɗan Ingila ta haɗa mayaƙa wajen 1,200 ƙarƙashin Harry Rawson, da bindigogin Maxim masu aman wuta. Birnin ya faɗi ranar 18 ga Fabrairu, aka wasashe fada, gobara kuma ta cinye abin da ya rage. Oba ya miƙa wuya a watan Agusta, aka sa shi ya faɗi ya kai goshinsa ƙasa a gaban Bature a bainar jama'a. An yi shari'a a watan Satumba ƙarƙashin Ralph Moor, ba a same shi da laifin ba da umarnin kisan ba, amma duk da haka aka tuɓe shi aka kai Kalaba, can ya rasu a 1914.

SARKIN ROTIMI

Jigon wasan Rotimi shi ne faɗuwar babban mutum wanda ƙasa ke zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa tun kafin Bature ya iso. Tun a kashin farko muna ganin Oba yana yanke wa hakimai biyu, Obaruduagbon da Esasoyen, hukuncin kisa saboda kashe wani na hannun damansa, su kuma suna yi masa baki cewa Turawa na nan tafe. Muna ganin garuruwa irin su Akure da Ekpoma suna neman zare wuyansu daga igiyar Benin, ga fataken Itsekiri suna kuka da rufe kasuwa, ga kuma bokan Ifa yana hango wuta da jini. Wato Rotimi ya gina wasan ne a kan karin maganar nan tamu da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne ƙarfin wasan yake. Oban Rotimi mutum ne mai jini da tsoka, yana da fushi, yana da tsoro, yana da dabara da kuskure. Sa'ad da labarin zuwan Phillips ya iso, ya nemi a bi a hankali, amma bai fito fili ya tsawatar ba, hakimansa kuwa suka ɗauki wannan a matsayin rauni suka yi gaban kansu. Mai kallo zai fita yana tambayar kansa, shin sarkin da ake ɗauka kusan abin bauta, me ya hana maganarsa tsayar da takobin surukinsa? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma marubucin bai yi mana saurin amsa ta ba. Haka nan ya yi hikima da ya sa wawan sarki, Uzazakpo, ya zama mai faɗin gaskiyar da manyan fada ke tsoron furtawa, kamar dai yadda muka san aikin wawan sarki a fadojinmu.

Ta fuskar salo da sarrafa harshe kuwa, Rotimi gwani ne. Ingilishinsa ya sha karin magana har ya rine, ta yadda mai sauraro zai ji kamar da harshen Edo ake zancen. Ya cika dandamali da jama'a da kiɗa da waƙoƙin gargajiya, abin da aka san shi da shi tun daga Kurunmi. Sai dai a nan ne kuma muka fara ganin giɓi. Jama'ar nan da suka cika fili aikinsu amshi ne. Suna rera waƙa, suna kuka, suna gudu, amma ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba mu san abin da ya bari a gida ba. An kawo su ne don su nuna girman asarar sarki.

SARKIN YERIMA

Wasan Yerima ya zo ne bayan shekara 26, a wani yanayi dabam. An rubuta shi domin bikin tunawa, a birnin da abin ya faru, a gaban jikokin waɗanda abin ya faru da su. Ba abin mamaki ba ne da ya zama kamar mayar da martani ga duk wanda ya taɓa ɗora wa Oba laifi. Kalmar da ke cikin sunan wasan tana ɗauke da ma'ana biyu, wato shari'a da kuma jarrabawa, marubucin kuma ya yi amfani da duka biyun. Ya ba Oba dama ya faɗi labarin da bakinsa, ya zama shi ne mai shaida kuma shi ne mai sharhi. Wannan dabara ta zubi da tsari ta yi kyau, domin ta juya kotun Moor a kansa: wanda aka gurfanar shi ne ya koma mai tuhuma, mai kallo kuma ya zama alƙali.

Yerima ya fi Rotimi tona asirin Turawa. Ya nuna cewa kisan Phillips dalili ne kawai aka samu, niyyar cin Benin ta riga shi. Tarihi ya goyi bayansa a nan, wasiƙar Nuwamba 1896 ta isa hujja. Amma da yake an wanke Oba fes, dole laifin cikin gida ya samu wanda zai ɗauka, sai ya faɗa kan hakimai, musamman Obaseki, wanda aka zana a matsayin mai kwaɗayin mulki da ya haɗa baki da baƙi. Gaskiya ne Agho Obaseki ya zama babban mai faɗa a ji a Benin a shekarun da babu sarki, daga 1897 zuwa 1914, har ya so ya sha gaban ɗan Oba wanda daga baya aka naɗa da sunan Eweka na II. To amma daular da ta shekara ɗaruruwa ba ta faɗuwa don mutum ɗaya ya ci amana. A ganinmu Oban Yerima ya fi kwarjini, na Rotimi kuwa ya fi kama da ɗan Adam, kuma a wasan ban tausayi na biyun ne ke taɓa zuciya. Wanda bai yi kuskure ba, faɗuwarsa zalunci ce kawai; za ta ba mu haushi, amma ba za ta koya mana kome game da kanmu ba.

WAƊANDA AKA BARI A BAYAN LABULE

Yanzu bari mu koma kan tambayarmu ta farko. Mutane iri huɗu ne muka nema a wasannin nan ba mu same su da suna da murya ba.

Na farko su ne 'yan dako. Duk littattafan tarihi suna lissafa Turawan da suka mutu a Ugbine, amma mafi yawan waɗanda suka halaka ko aka kama a ranar baƙaƙe ne, Itsekiri da mutanen Kru, waɗanda aka ɗauka haya su ɗauki akwatuna. Ba su zo cin ƙasar kowa ba, neman abin kai wa baka ne ya fito da su. Turawa ba su ƙirga su a cikin asara ba, marubutanmu ma ba su ƙirga su ba.

Na biyu su ne waɗanda aka yanka domin tsafi. Turawa sun kururuta wannan batu don su halatta abin da suka yi, har ɗaya daga cikin jami'an rundunar, Reginald Bacon, ya rubuta littafi a shekarar ya kira Benin birnin jini. Mun san manufar wannan kururuwa. Amma sanin manufar mai faɗa ba ya mayar da abin da ya faru ƙarya. An yi hadaya da mutane a Benin, musamman a kwanakin da rundunar ke matsowa, kuma yawancinsu bayi ne da fursunoni. Marubucin da ya ba ɗaya daga cikinsu ko da fitowa guda, bai taimaki Bature ba, ya dai cika gaskiya ne.

Na uku su ne mutanen ƙauyuka. Ologbosere ya ci gaba da yaƙin sunƙuru har 1899 kafin a kama shi a rataye. A tsawon wannan lokaci an ƙone ƙauyuka da gonaki a wajen nemansa. Wasannin biyu suna rufe labule ne da tafiyar sarki, kamar wahala ta ƙare ke nan, alhali ga talakan karkara lokacin ta fara.

Na huɗu kuwa su ne suka fi shafarmu. Cikin rundunar Rawson akwai sojojin ƙasa na rundunar gaɓar teku, waɗanda Turawa ke kira Hausawa. Tun daga 1863, lokacin da John Glover ya kafa 'yar rundunarsa a Legas, Turawa suke ɗibar 'yan Arewa aikin soja, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu, kuma duk wanda ke jin Hausa Bahaushe ne a wurinsu. Irin waɗannan ne ke tsaye a kan Oba a hoton Green. A daidai makonnin da ake cin Benin, wato Janairu da Fabrairu 1897, rundunar kamfanin George Goldie, ita ma cike da irin waɗannan sojoji, ta ci Bida da Ilori. Bayan shekara 6 irinsu ne suka fasa ganuwar Kano a 1903, Sarki Alu ya ƙare a Lakwaja kamar yadda Ovonramwen ya ƙare a Kalaba. Ka ga bawan da ya gudo daga wata masarauta, aka ba shi kaki da bindiga, aka tura shi ya rushe wata, daga baya aka juyo da shi gida. Me ke cikin ransa? Ramuwa ce, ko yunwa, ko dai bin umarni? Wannan babban tauraro ne da ke jiran marubuci, kuma da Hausa yake magana.

DAGA DANDAMALI ZUWA SIYASAR EDO

Wani zai ce ai marubuci na da 'yancin zaɓar tauraronsa, kuma wasa ɗaya ba zai ɗauki kowa ba. Haka ne. Amma idan duk wanda ya zo ya zaɓi mutum guda, har fim ɗin Invasion 1897 na Lancelot Imasuen da ya fito a 2014 bai kauce wa turbar sosai ba, to zaɓin ya tashi daga ra'ayin marubuci ya zama yadda al'umma ke tuna kanta. Wannan kuwa yana da sakamako.

Jihar Edo ba ta mutanen Benin ba ce su kaɗai. An fara yanke yankin daga Jihar Yamma a 1963 bayan ƙuri'ar raba gardama, fafutukar da Oba Akenzua na II ya tsaya mata, ya zama Bendel a 1976, aka raba shi gida biyu, Edo da Delta, a 1991. A cikinta akwai Esan a tsakiya, akwai Afemai a arewa, inda garin Auchi yake da ɗimbin Musulmi. Siyasar jihar kullum a kan wannan murhu mai duwatsu uku take dahuwa. Adams Oshiomhole da ya yi gwamna daga 2008 zuwa 2016 mutumin arewa ne, Godwin Obaseki da ya gaje shi har 2024 ɗan Benin ne, Monday Okpebholo da ya karɓa a 2024 kuma Esan ne. To Ekpoma ɗin nan da ta fito a wasan Rotimi a matsayin 'yar tawaye garin Esan ne, garin Ambrose Alli wanda ya mulki Bendel daga 1979 zuwa 1983. Abin da fada ta kira tawaye, ɗalibin Ekpoma da ke karanta wasan zai iya kiransa neman 'yanci.

Sai kuma batun kayan tagulla. Wani kundin intanet mai suna Digital Benin da aka buɗe a 2022 ya lissafa kaya 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Gidan tarihin Biritaniya da ke Landan shi kaɗai yana riƙe da sama da 900, ciki har da fuskar hauren giwa ta Idia, uwar Oba Esigie, wadda aka ƙi ba Nijeriya ko aro lokacin bikin FESTAC na 1977. Daga 2021 aka fara dawo da wasu. Jamus ta miƙa mallakar sama da 1,000 a 2022, Holan ta dawo da 119 a 2025. Nan take sabuwar gardama ta tashi: a hannun wa za a sa su? Gwamna Obaseki ya goyi bayan wani sabon gidan tarihi mai zaman kansa, Oba Ewuare na II ya ce daga fadar kakansa aka sace su, can za su koma. A Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwa cewa Oba ne mai su. A Nuwamba 2025 masu zanga-zanga suka tarwatsa taron share fagen buɗe sabon gidan tarihin, aka ɗage buɗewar. A tsawon rikicin nan mutane da yawa sun riƙa tuna cewa gwamnan daga gidan Agho Obaseki ya fito, kamar dai wasan Yerima ne aka sake nunawa da sababbin 'yan wasa. Ga illar labarin da bai da kowa sai sarki da maci amana: duk wanda ya saɓa wa ɗaya, an riga an tanadar masa rigar ɗayan.

Ba mu musa haƙƙin fada ba, daga can aka kwashe kayan, kuma ɓarawo ba shi da bakin zaɓar wa mai kaya ma'aji. Amma wani binciken kimiyya da aka buga a 2023 ya tabbatar da cewa tagullar da aka yi zubin da yawa daga cikinsu daga yankin Rhine na Jamus ta fito, a siffar mundayen nan da Turawa ke sayen kaya da su, har da bayi. Shi ya sa wata ƙungiya ta jikokin bayi a Amurka ta ce ita ma tana da ta cewa. Ko mun yarda da ita ko ba mu yarda ba, tambayar da ta ɗaga ita ce wadda wasannin nan suka tsallake: gumin wa da jinin wa ke cikin wannan ƙarfe?

KAMMALAWA

Muna ba duk marubucin Hausa shawara ya nemi wasannin nan biyu ya karanta. Daga Rotimi zai koyi yadda ake gina sarki mai rauni ba tare da an wulaƙanta shi ba, daga Yerima kuma zai koyi yadda ake ƙwace alƙalami daga hannun wanda ya ci yaƙi. Yerima ya zo har gidanmu ma, domin daga baya ya rubuta wasa a kan Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi.

Sai dai muna da abin koyi tun a farkon adabinmu na boko. Gasar 1933 ta ba mu Ganɗoki na Bello Kagara, labarin zuwan Turawa daga bakin jarumi mai takobi, ta kuma ba mu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin zamanin daga wajen yaron da aka sace da uwar da ta ƙetare hamada tana nemansa. Hanya ta biyun ce muka fi sakaci da ita. Sarakuna ba su taɓa rasa maroƙa da marubuta ba, kuma ba za su rasa ba. Ɗan dakon Ugbine da sojan da ke tsaye a jirgin Ivy su ne har yau ba su samu mai ba da labarinsu ba. Na biyun kuwa, idan mu masu rubutu da harshensa ba mu ɗauki nauyinsa ba, ba mu ga wanda zai ɗauka ba. Allah ya sa a cikin masu karanta wannan mujalla a samu wanda zai amsa kiran.